Buhu Goma Sha Biyu a Bakin Kwalbati

Ranar Laraba da hantsi aka gano buhunan. Goma sha biyu ne, cike da yashi, an jera su bisa juna a bakin kwalbatin da ke kwashe ruwan titin jirgi ya fitar da shi bayan shinge. Wanda ya jera su ba ya aikin ha'inci, don ko allura ba za ta wuce tsakaninsu ba. Ruwan da ya rasa hanya ya koma inda ya fito, ya kwanta a ƙarshen titin, kuma a cikin wannan tafkin ne jirgin ranar Talata ya taka birki birkin ya ƙi. Tayoyinsa suka hau kan ruwa maimakon kwalta, ya zarce, ya je ya dasa hanci a cikin taɓo da mutum saba'in da ɗaya a cikinsa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wata ma'aikaciyar jirgin ta karye a hannu, wani dattijo kuma ya fasa goshi.

Mai Sawu ne ya gan su. Tsohon mafarauci ne da filin jirgin ya ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce don ya riƙa bin sawun karnuka da awakin da ke ɓarko shinge, ya toshe inda suka shigo. Mutum ne da idonsa ba ya barin ƙasa, har matarsa kan ce da fuskarta a tafin ƙafa take da tuni ya lura ta tsufa.

Kafin azahar labari ya gama filin. Masu ɗaukar kaya suka ce 'yan unguwar bayan shinge ne, 'yan unguwa suka ce ai na ciki ya san ciki. 'Yan kwana-kwana kuwa, da ba su da aikin yi sai an yi gobara, sun riga sun yanke wa mutum uku hukunci suna zaune a kan benci.

Manaja ya kira Mai Sawu ofis. Matuƙin jirgin na zaune a gefe, idanunsa jajir.

"Gobe ƙarfe goma masu bincike za su iso," in ji Manaja. "Sai na ba su mutum. Yanzu dai wadda ke hannuna ita ce Mai Awo."

Mai Awo ita ce matar da ke shiga motar rawaya duk lokacin da aka yi ruwa, ta bi titin kashi uku, ta durƙusa a kowane kashi ta auna zurfin ruwa, sannan ta gaya wa hasumiyar kula da jirage ta rediyon oba-oba, hasumiya ta gaya wa matuƙi. Mai Sawu ya san ta tun tana goye. Ubanta, Baba Tsintsiya, shekara talatin yana sharar titin nan kafin ya yi ritaya, kuma shi ya tsaya wa Mai Sawu aka ɗauke shi aiki.

"Ranka ya daɗe, ai ba ita ta jera buhu ba."

"Ban ce ita ba ce. Amma ta ce milimita biyu a kashi na uku, jirgi kuwa ya tarar da ruwan da zai shanye idon sawu. Ko dai ba ta je can ba ta zauna a mota ta ƙirƙiro lamba, ko ta gani ta yi shiru. Kowanne ka ɗauka, kora ce da kotu."

Matuƙin ya dubi Mai Sawu, ya yi magana a karon farko, a hankali.

"Baba, ni ba na neman a ɗaure kowa. Amma a sama ba na ganin zurfin ruwa, kunnena ne idona. In an ce min jiƙa ce kawai, saukata daban. In an ce ruwa ya kwanta ya wuce milimita uku, sai in dira da ƙarfi tayoyi su huda ruwan su kama kwalta, ko in yi ta zagaye har ya janye, ko in nufi wani filin. Abin da aka faɗa min na yi aiki da shi."

"In an toshe kwalbatin bayan ta auna fa?" in ji Mai Sawu.

"To kawo min wanda ya toshe ya faɗi lokacin da bakinsa," in ji Manaja, yana tattara takardu. "Kana da zuwa gobe ƙarfe goma."

Ya fara da mai lambu, don shi kowa ke nunawa da baki. Lambunsa na gab da shinge, kuma an san shi da tare ruwa da rani. Ya same shi tsaye cikin taɓo har gwiwa, yana kallon tumatirinsa da ya kwanta.

"Ni in tare ruwa da damina?" Mai lambu ya buɗe hannuwa. "Malam, dubi nan. Ruwa ne ya kashe ni, kai kuma ka zo kana tambaya ko na ajiye wani. In ka ga mai sayen ruwa turo min shi, kyauta zan ba shi har da rakiya."

Mai Sawu ya dubi buhunan da ke rumfarsa. Na taki ne, farare, bakinsu ɗaure da tsumma. Na kwalbati kuwa ɗinke suke da igiya, ɗinki mai kyau. Ya yi masa jaje ya wuce.

Mai sayen tsoffin ƙarafa kuwa, na biyu da ake zargi, tun kafin a yi masa sallama ya fara rantsuwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da Mai Sawu ya ɗaga wani buhu a bayan shagon sai ga murfin magudana guda biyu na filin jirgi, sun yi tsatsa.

"Wallahi tun bara ne! Kuma tsinta na yi!"

"Tsintar da ake yi da guduma ko? Jiya da rana kana ina?"

"Asibiti, matata ta haihu. Ga unguwa nan ka tambaya, namiji ne."

Ɓarawo ne, amma ba na wannan satar ba. Mai Sawu ya yi masa barka, ya ce ya mayar da murafen kafin wani ya tambaya.

Ya koma bakin kwalbatin rana ta karkata. Ruwan Talata ya wanke duk wata ƙafa da ta taka wurin, abin da ke ƙona ran mai bin sawu ke nan da damina. Amma buhu goma sha biyu ba a kai aka kawo su ba. Ya tsuguna yana shafa ciyawa da tafin hannu har ya ji wani siririn kwari a ƙarƙashinta, inda tayar baro mai nauyi ta nutse. Sawu huɗu aka yi, buhu uku-uku. Ya bi kwarin ta bayan lambu, ta gefen wani kango, har inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwaltar unguwa. Nan sawun ya mutu, don kwalta ba ta riƙe sirrin kowa.

Yana shirin juyawa ya ga tsakuwoyin. A gefen kwalta, kan wani faffaɗan dutse, an tara 'yan tsakuwa kusan ashirin wuri ɗaya. Kusa da su ga wani guntun kara da taɓo ya daskare a bakinsa, ga kuma dunƙulen taɓon da aka kankare daga taya da tafin takalmi, duk an ture su gefe.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune. Wane ne zai tsaya cikin ruwan sama, yana tsaka da aikin da ba ya so a gani, ya kankare tayar baro ya tsince tsakuwa kafin ya hau kwalta, har sau huɗu? Mutumin gari ba ya yi. Wannan ɗabi'ar masu aikin titin jirgi ce, waɗanda aka koya musu cewa tsakuwa ɗaya in injin jirgi ya zuƙe ta ta isa ta kashe mutum ɗari. Ba sa taka kwalta da datti a ƙafa, ko da kwaltar kasuwa ce. Shi kansa yana yi, kuma ya san wanda ya koya masa. A duk unguwar bayan shinge gida ɗaya ne ke da irin waɗannan mutane, kuma su biyu ne a cikinsa. Ya yi fatan da bai iya aikinsa ba.

Ya sami Mai Awo a ɗakin ma'aikata ita kaɗai, an karɓe mata oba-oba da makullin mota. Ya zauna, ya zaro tsakuwoyin daga aljihu ya zuba a kan tebur, ya faɗa mata inda ya same su da yadda aka tara su. Ta dube su, ta dube shi.

"Kawu, ban je kashi na uku ba," ta ce. "Ruwa ya yi yawa, na ji ƙyuya, na faɗi lamba daga mota. Haka zan gaya musu gobe."

"Ke 'yar nan, ni za ki yi wa ƙarya? Na je ƙarshen titi. Inda kika juya mota tayarki ta baya ta ci gefen ciyawa, shatin na nan. Kin je."

"To ka manta ka gani."

"Kin san abin da kike ɗauka? Mutum saba'in da ɗaya. Ba kora kaɗai ba ce."

"Na sani. Shekarata talatin da huɗu, in an rufe ni zan fito da ƙafata. Baba shekara saba'in yake nema, kuma shi ke juya Inna a gado, shi ke ba ta abinci a baki. Ba ta karɓa a hannun kowa, ko ni." Ta share ido da bayan hannu. "Tun da na ga ɗinkin buhunan na gane. Kawu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce masa hutu aka ba ni. Don Allah ka bar shi a haka."

Mai Sawu ya kwashe tsakuwoyinsa ya fita, gaba kura baya sayaki.

Gidan Baba Tsintsiya shi ne na ƙarshe a gangare. Tun daga waje Mai Sawu ya ga shatin ruwa a bango, ya kai ƙugu, katangar gabas kuma an tokare ta da itace uku. Tsohon na tsakar gida yana shanya katifa. A cikin ɗaki ana hango gadon matarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara huɗu, an ɗora ƙafafun gadon a kan bulo bibbiyu. Baro na jingine a lungu, tayarsa fes.

"A'a, ƙanena! Yau karnuka sun ba ka hutu?"

"Yaya, barka da gida. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, in ji mai ciwo." Ya miƙa masa kujera, amma idonsa na kan aljihun Mai Sawu da ya yi nauyi. Tsohon ba wawa ba ne. "Ka bi baro ko?"

"Baro ya ɓace min a kwalta. Kai ne ka tsaya ka yi shara."

Baba Tsintsiya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya zauna a bakin rijiya.

"Ka ga hali. Wallahi ban ma san na yi ba." Sai maganar ta ɓalle masa. "Tun da suka ƙara tsawon titi suka juyo da kwalbatin nan, duk ruwan filin a ɗakin matata yake sauka. Sau uku ina zuwa wurin Manaja. Na farko ya ba ni shayi, na biyu ya ba ni kujera, na uku mai gadi ya ce ba ya nan, ina kuwa hango motarsa. Ruwan makon jiya sai da na ɗauke ta a kafaɗa, ruwa na dukan cinyata. Jiya da na ga hadarin nan na ce katangar ba za ta kai ba. Na ce awa biyu kawai, in ruwa ya tsagaita in kwashe. Talata ce fa! Daga sha biyu zuwa biyar babu jirgi ranar Talata, shi ya sa muke wankin titi a ranar. Shekara talatin, ko a mafarki ka tashe ni zan karanta maka jadawalin."

"An sa sabon jirgi wata biyu da suka wuce, Yaya. Ɗaya da minti ashirin."

"Na ji shi da kunnena ai. Ina cikin ɗakin nan na ji ƙararsa yana saukowa. Yarinyar ba ta yi min hirar aiki, tana ganin kamar zai sa ni kewa." Ya dafe kai. "Na so in je in faɗa. Sai in dubi gadon can in ce gobe. Tun da ba a mutu ba, na ce ko za a ce tsautsayi ne a wuce wurin."

"Ba za a wuce ba. An sami wanda za a ɗora wa."

"Wa?"

Mai Sawu ya tuna roƙon da aka yi masa awa ɗaya da ta wuce. Ya san in ya buɗe baki ya ci amanar 'yar, in ya rufe ya ci ta uban, don babu uban da zai gode maka ka bar shi yana shanya katifa ana ɗaure masa 'ya.

"Ba hutu aka ba ta ba," ya ce. "Gobe ƙarfe goma za ta ce ba ta auna ba."

Tsohon bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya tashi ya juya katifar ɗaya gefen, ya daddaɓe ta, ya ce Mai Sawu ya gaida gida.

Washegari ofishin Manaja ya cika. Masu bincike biyu da jami'in ɗan sanda na gaba, matuƙi na gefe. An kawo mai lambu da mai ƙarafa, wanda ke ta zufa ko da yake fanka na kansa. Mai Awo na tsaye jikin bango. Ta taga ana ganin hadari na haɗuwa a gabas.

"Mai Sawu, ina mutumin?" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ba mai lambu ba ne, ba mai ƙarafa ba ne. Kuma Mai Awo ta je kashi na uku, zan kai ku ku ga shatin tayarta."

"Ban je ba," ta ce da ƙarfi. "Ku rubuta. Ban je ba."

"Kin je, uwata."

Kowa ya juya. Baba Tsintsiya ne a bakin ƙofa, sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai ratsin haske, an goge ta. Ya shigo ya tsaya a gaban masu binciken, hannuwa a baya.

"Ɗaya saura kwata ta iso ƙarshen titi. Ina kwance a bayan shinge ina kallonta. Ta sauko cikin ruwa, ta durƙusa, ta auna sau biyu kamar yadda ake yi. Lokacin kwalbati na ja, titi lafiya lau, abin da ta faɗa gaskiya ne. Na ɗauka awon ka'ida ne, don in ana ruwa ana awo ko da jirgi ko babu. Tana juya mota na fara jera buhu. Ni na ɗinka su, ni na turo su, ni na toshe." Ya juya ga matuƙin. "Ɗana, shekara talatin ina tsince muku tsakuwa, rana ɗaya na shimfiɗa maka tafki. Ka yafe min in za ka iya."

Matuƙin ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin masu binciken ya tambayi dalili, tsohon ya faɗa a taƙaice, har da zuwa uku da shayi da kujera. Mai binciken ya dubi Manaja ya rubuta wani abu mai tsawo, Manaja kuwa ya shiga gyara abin da bai karkace ba a kan teburinsa.

"Baba, me ya sa?" Mai Awo ta riƙe hannun rigarsa tana kuka. "Na riga na shirya. Wa zai kula da Inna?"

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba, gadon uwarki ne. Share hawayenki, mutane na kallo."

Ɗan sandan ya miƙe, cikin ladabi, ya ce Baba zai bi shi. Daidai nan ruwa ya fara dukan kwano, manyan ɗigo, oba-obar da ke kan tebur ta yi ƙara. Hasumiya ce. Jirgin sha ɗaya da rabi na tafe, minti talatin, ana neman awon titi. Babu wani mai takardar awo a bakin aiki sai ita. Manaja ya tura mata oba-obar da makullin mota ba tare da ya dube ta ba.

Ba ta ɗauka ba. Idonta na kan ubanta, hankalinta kuma na can gangare. An kwashe buhunan tun jiya, kwalbati a buɗe yake. Duk wanda ke ɗakin ya san inda ruwan titin zai sauka yanzu, da wadda ke kwance a can ita kaɗai a kan bulo bibbiyu.

"Je ki," in ji tsohon. "Akwai mutane a sama."

"Baba, Inna..."

"Ni zan je," in ji Mai Sawu. Ya riga ya naɗe ƙafar wando. "Gidana na kan tudu, akwai ɗaki. Mai lambu, zo ka kama min gado."

"Ka tallafo ta ta hagu," Baba Tsintsiya ya ce da sauri, ɗan sanda na jiransa a ƙofa. "Ta hagu, damar ce mai ciwo. In ta tambaye ni, ka ce an kira ni aiki."

Mai Awo ta ɗauki oba-obar. Ta fita da gudu ta shiga motar rawaya, su kuma suka bi ta ƙofar baya suka gangara. Kafin su kai kangon nan ruwa ya fara cin ƙaurinsu, ja, mai ƙarfi, duk yana tafiya inda suke tafiya. Suna cikin ɗakin, mai lambu ya kama kan gado yana haki, Mai Sawu ya sa hannu ta hagu ya ɗago tsohuwar, sai rugugin jirgi ya cika unguwar. Suka tsaya cak suna saurare. Tayoyi suka daki kwalta, injin ya yi kururuwa, ƙarar ta yi ta raguwa har ta zama ta jirgin da ke tafiya a hankali zuwa masaukinsa.

Tsohuwar ta buɗe ido ta dubi fuskar da ke kanta, ta ga ba wadda ta saba ba ce.

"Ina Malam?" ta ce, harshenta na sarƙewa.

"An kira shi aiki, Yaya," in ji Mai Sawu, ya rufa mata zane a ka, ya fita da ita cikin ruwan.